Ranar Sauko da Milutin

Tun da farar safiya Milutin ya yi aski, ya sa ƙanwarsa Zorka ta tura kekensa na guragu bakin ƙofa. Kwanon dafaffiyar alkamar sadakar mamata na bisa cinyarsa, daidai inda ƙafafun suka ƙare.

"Ango, ina zuwa?" in ji Zorka.

"Zance. Gyara min kwala, sarkin surutu."

A hawa na shida na bene yake, lifta mai hawa da sauka da mutane kuwa ta daɗe da mutuwa. Da matarsa Desanka ta rasu da bazara, ta taga ya yi mata rakiya, don ba mai iya sauko da ƙato irinsa. Har yau bai ga kabarinta ba.

Amma yau sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da duk ƙasar Sabiya ke tuna tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Farko. Kowace shekara hukumar gari kan turo majiya ƙarfi su ciccibe shi zuwa dandali. Shi yaƙin baya-bayan nan ne ya ci ƙafafunsa, amma soja gurgu na kyau a hoto, kuma ya san haka. Ya tanadi kwalbar barasa don direba ya ratse da shi maƙabarta.

* * *

Wata jami'ar hukumar ce ta shigo tana haki, mai ɗaukar hoto na biye.

"Kawu Milutin, bana mun hutar da kai! An ce wahalar da ku ake yi, daga yanzu mu za mu riƙa hawowa."

"Ina samarin?"

"Suna jera kujeru."

Ta maƙala masa fure mai launin shunayya a ƙirji, ta karanto haddarta: sunansa ramonda, a duwatsun da kakanni suka yi yaƙi yake tsirowa, ko ya bushe ƙamas, da ya ji ruwa sai ya farfaɗo, kamar ƙasar nan.

"Na sani, 'yata, kakana na kwance ƙarƙashinsa. Wahalar nan ina son ta. Ku sauke ni, matata zan gano."

"Ni ciwon baya gare ni, Kawu," in ji mai hoto. Ya sunkuya ya ɗan janye bargon da ke cinyar Milutin don dungulmin ya fito.

"Zan faɗa wa shugaba," ta ce. "Ɗan murmushi mana."

Ya yi murmushin. Ya saba.

* * *

Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa. Zorka ta sa rigar sanyi, ta karɓi kwanon za ta maƙabarta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Me zan ce wa Desanka?"

"Ce mata baɗi."

"Yaya, ai ka ji abin da yarinyar ta ce."

"Na ji. Ke dai faɗa mata."

Ya kasa kunne yana bin takunta hawa bayan hawa, yana raguwa, har ƙofar ƙasa ta rufe.