Wanda Ya Yi Wa Masu Koren Fiffike Dariya

Bah Jali ya hau dutsen da muke zaune neman auren yayata, Han Lipa. Ɗan ƙabilarmu ne, amma a birni ya tashi. Kakarmu ce mai cewa eh ko a'a, kuma ba ta ce komai ba tukuna.

Na raka shi wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ya juya gefe ya yi fitsari. Kafin ya ɗaure wando, malam-buɗe-littafi sun sauko, baƙaƙe masu koren zane, sun rufe wurin suna tsotsa.

"Ƙanen amarya, dubi!" Ya riƙe ciki yana dariya. "Surukaina sun zo shan shayi!"

A makaranta an koya mana gishiri suke nema, kuma mazan ne kaɗai, matan suna can ƙololuwar itatuwa. A gida kuwa an koya mana ba a yi musu dariya, tsawa tana ji. Ban san wanne zan gaya masa ba. Na yi shiru.

Kafin mu iso gida sama ta yi baƙi. Iska ta fara ɗaga jinka. Kaka na bakin tsanin hawa gidanmu da wuƙar gora a hannu.

"Wa ya yi dariya?"

Jali ya dubi ƙasa. Lipa ta dube ni.

"Ni ne, Kaka."

Na karɓi wuƙar na tsaga ƙwaurina, ta tari jinin a kwano, ta gauraya da ruwan sama, ta watsa wa hadarin. Ban yarda da abin ba. Can ruwan ya tsagaita. Kowane ruwa yana tsagaitawa, ko ba haka ba?

Kaka ta ɗaure min ƙafa da ganye.

"Maƙaryacin banza. Kai da tun da ka dawo daga makaranta ba a ga haƙorinka ba?"

Ta juya wajen Jali.

"Dariya kuskure ce, ɗan birni, kowa na yi. Amma ka tsaya kana kallon jinin wani yana zuba dominka. Gobe ka sauka."

Da safe ya sauka. Lipa ba ta yi min magana ba. Na rasa laifina, ƙaryar ce ko shirun bakin maɓuɓɓuga.

Ina zaune a tsani sai wani malam-buɗe-littafi ya sauka a kan ciwon, yana buɗe fiffike yana rufewa. Gishiri ne, na ce wa kaina. Duk da haka sai da na ɗaga kai na duba sama.