Ruwa a Ƙarƙashin Ƙafar Alhaji

Shekara goma sha tara Malam Jaji yana jan a-kori-kurar Alhaji Gwadabe, daga Dutse zuwa kasuwannin ƙauye ɗauko riɗi da zoɓo, kuma a duk shekarun nan ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba. Ran wata Laraba sai ga shi ya dawo gida da rana tsaka, a ƙafa, babu makulli a aljihunsa. Ya zauna bakin tabarma ya ce a ba shi ruwa.

'Yarsa Mu'minatu ce ta kawo masa. Ta durƙusa ta tsare shi da ido, ta ƙi tashi sai da ya faɗa.

"Wai ni nake zuba wa Alhaji rubutu a mota."

"Wane irin rubutu, Baba?"

"Na mallaka. A ƙarƙashin ƙafarsa. A gaban jama'a ya ce in ba shi makulli, ba ya zama da matsafi."

Wata guda ke nan ruwa na taruwa a cikin motar, daidai inda Alhaji ke ajiye ƙafa in ya zauna a gaba. Ba a ɗauki abin a bakin komai ba sai ranar wani ɗaurin aure a Ringim. Alhaji ya fito cikin farar shadda, gefen babbar riga da ƙafar wando sharkaf, suna ɗiga. Manyan mutane suka kau da kai don kara. Wani abokin wasansa kuwa ya riƙe masa hannu ya ce da ƙarfi, "Allah ya ba da lafiya, Alhaji. Ciwon sugan ne ya kai haka?"

Sau uku aka kai motar wajen Yahuza bakanike. Karon farko ya canja robar gilashin gaba, ya ce ruwan sama ke shiga, alhali rabon Dutse da ruwan sama tun kaka. Karo na biyu ya shafe bakin ƙofa da gam. Na uku ya ce lagireto ne. Da aka koma karo na huɗu sai ya goge hannu da tsumma, ya rage murya ya ce, "Alhaji, abin da sifana ke kamawa duk na kama. Wannan ruwan ba na mota ba ne. Ka lura kuwa, sai ranar da ka shiga yake fitowa?" Alhaji ya lura. Shi kuma Yahuza dama yana da ƙani mai neman tuƙi.

Mu'minatu ta san Yahuza. Difloma gare ta a kanikanci, ita kaɗai mace cikin maza arba'in da biyu, kuma ba ta taɓa sauka daga na uku ba. Da ta gama ta je garejinsa neman wurin aiki, ya dube ta sama da ƙasa ya ce nan ba kicin ba ne. Shekara biyu ke nan takardarta na ƙasan akwati, tana gyara wa matan unguwa janareto da injin markaɗe, maza suna wucewa suna ce mata "Injiniya" da wani irin baki. Ba ta taɓa tanka musu ba, ba ta kuma taɓa mantawa ba.

"Baba, ruwan yana da launi?"

"Fari ne tas."

"Wari fa?"

"Babu."

"Ranar da kake kai kaɗai a motar?"

"Ƙamas take, ko zan wuni a hanya."

"Esin motar fa, mai sanyaya ciki, kana kunnawa?"

Malam Jaji ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Ni? Ai doka ce. Sai Alhaji yana ciki ake kunnawa. Ya ce mai take sha."

Ta miƙe ta ɗauki kofin. Ya gane fuskar nan, ya ce, "Ki bar shi da Allah, Mu'mina."

"Shi na bar shi da Allah, Baba. Motar ce nake so a bar ni da ita."

Washegari da safe ta tasa shi a gaba har Takur, unguwar Alhaji, da ledar toka a hannunta da guntuwar waya. Ƙofar gidan Alhaji cike da 'yan gaisuwar safe, irin waɗanda kan yi dariya tun Alhaji bai ƙarasa magana ba. Motar na ƙarƙashin rumfa, kowa ya ja tabarmarsa nesa da ita. Yahuza na nan, ƙaninsa a gefe da sabuwar hula.

Ta durƙusa ta gaida Alhaji yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, izini nake nema in duba motar nan."

"Ke 'yar Jaji ce? Makarin kika kawo?"

Aka yi dariya. Yahuza ya ce, "A ba ta mana, Alhaji. Hajiya Injiniya ce fa. Ku kawo mata ludayi."

"Bokiti nake so, Malam Yahuza. Uku. Tunda kai ka ce ruwan sama ne, sai ka taya ni yin hadarin."

Alhaji na son kallo, ya ce a kawo. Ta buɗe ƙofa ta janye shimfiɗar ƙafa, ta goge ƙarfen ya bushe, ta barbaɗa toka ko'ina, sirara kamar ana yayyafa gari a faranti. Ta rufe ƙofa. Ta sheƙa bokiti ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a kan rufi, ɗaya a jikin ƙofa. Ta buɗe.

"Wa zai leƙa? Kada a ce ni na faɗa."

Wani dattijo mai farin gemu ya taso ya leƙa. "Toka dai a bushe take."

"To ba gilashi ba ne, ba ƙofa ba ce." Ta ɗaga bonet ta kwance murfin lagireto. Ruwa cike har baki. "Abin da ke yoyo wata guda ba ya cika haka. Lagireto ma ya fita."

"Ai shi na faɗa," in ji Yahuza. "Ba na mota ba ne."

"Ka yi haƙuri, ban gama da kai ba."

Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, don Allah ka tsallaka titi ka tsaya wajen mai shayi can, inda kowa zai gan ka." Ya tsallaka, hannuwa a baya, bai dubi kowa ba. Ta dubi bayansa a cikin tsohuwar rigarsa, ta kau da kai. Ba yau ce ranar kuka ba.

"Ranka ya daɗe, ka tayar da motar da hannunka, ka kunna esi, ka fito. Kada kowa ya zauna a ciki."

"Man fa?"

"Ba zai kai kuɗin shaddar Ringim ba."

Wannan karon dariyar ta kuɓuce wa mutum biyu kafin su tuna inda suke. Alhaji ya murtuke, amma ya shiga ya kunna ya fito. Aka tsaya jira. Ƙarshen bazara ne, iska ta yi nauyi, hadari na haɗuwa kullum yana watsewa, gumi na bin bayan kowa. Yahuza ya ba da labarin wata mota a Kano da aka samu layu bakwai a cikin kujerarta. Idanu duk suna kan ƙofar.

Da aka yi kamar minti ashirin ta buɗe. Daga ƙarƙashin dashbod wani ɗigo ya faɗo kan tokar, ya yi baƙin tabo. Wani ya biyo shi. Dattijon ya ce, "La ilaha illallahu. Ga Jaji can yana tsaye."

"Esi gumi take yi, kamar randa," in ji Mu'minatu. "Akwai ɗan tiyo da ke fitar da gumin ƙasa. Ku duba ƙarƙashin motar, kun ga ɗigo?"

Ƙasa a bushe. Ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu, ta kwanta rigingine ta shige ƙarƙashin motar. Ta laluba ta kamo bakin tiyon, ta zura waya. Wani abu ya tokare. Ta murza, ya fashe, ruwa ya ɓalle ya zubo mata har gwiwar hannu. Ta fito da laka a kumatu, ta buɗe tafinta a gaban Alhaji. Dunƙulen jar ƙasa ne mai ramuka, da 'yan tsutsotsi koraye a ciki.

"Ga malaminka, ranka ya daɗe. Zanzaro ne ya yi gini."

Ƙanin Yahuza ya cire sabuwar hularsa yana duba cikinta. Alhaji ya daɗe yana kallon lakar, sannan ya ce, "To shi zanzaron, wa ya aiko shi?"

"Wanda ya san motar ta yi sati uku a rumfar nan ba ta motsa ba, lokacin da ka tafi Umara ka kulle makullin a ɗakinka."

Dattijon ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya kashe motar, ya ɗaga murya. "Jaji! Zo ka ɗauki makullinka, riɗi na jira a Aujara." Ya wurga shi. Makullin ya faɗi a ƙasa, cikin taɓon ruwan bokiti.

"Ranka ya daɗe," in ji Mu'minatu, "a gaban mutanen nan aka ce masa matsafi."

"Jaji, ka ji bakin 'yarka? Wannan shi ne bokon?" Ya dubi jama'arsa neman mai tayawa, kowa ya samu abin dubawa a ƙasa. Ya ja tsaki. "To, ashe zanzaro ne. Ba ruwan Jaji. Shi ke nan?"

Ita dai a wajenta ba shi ke nan ba, ta buɗe baki za ta ƙara. Mahaifinta ya ɗaga mata hannu. Ya riga ya tsallako, yana tsaye a kan makullin, bai sunkuya ba.

"Alhaji," ya ce, muryarsa a kwance kamar kullum, "a hannu ka karɓa jiya."

Rana na ɗagawa, kasuwar Aujara ba ta jiran kowa, kuma babu wanda ya san dillalanta da ramukan hanyarta kamar Malam Jaji. Alhaji Gwadabe ya tattare babbar riga, ya dafa gwiwa, ya sunkuya da tumbinsa yana nishi. Ya ɗauko makullin, da laka da komai, ya miƙa.

Malam Jaji ya sa hannu ya karɓa, ya goge shi a gefen rigarsa.

"Mu'mina, wanke hannunki ki shiga, in sauke ki gida tukuna."