Wasa Na Ɗari Biyu Da Sittin

A ƙaramar gasar hokin ƙanƙara da Darcy Petruk yake bugawa, wasan da ake kora faifan roba da sanda a kan ƙanƙara, akwai wata doka da ba a tunawa da ita sai ta iso kan mutum. Duk wanda ya cika wasa ɗari biyu da sittin ya zama tsohon hannu, kuma tsofaffin hannu huɗu rak aka yarda kowace ƙungiya ta riƙe. Ƙungiyarsa ta Port Alder ta riga ta cika huɗunta, duk gwanayen zura faifai a raga. Darcy kuwa ɗan baya ne, aikinsa tare faifan robar nan da ƙwaurinsa, da shan matsa a jikin katangar filin. Saura wasa ɗaya kakar wasannin ta ƙare, shi kuma yana da ɗari biyu da hamsin da tara.

Kakar ma ba abin faɗa ba ce. Tun Janairu suka san ba inda za su, sai dai tafiyar awa goma a bas, a ci su a dawo.

Ran Asabar bayan atisaye Koci Lemoine ya kira shi ofis.

"Ya gwiwar nan taka?"

"Lafiyarta lau, Koci."

"Kai dai kanka da tauri yake. Gobe ciwo take yi, ka ji ko? Ka sa kwat ɗinka, ka hau sama cikin 'yan kallo ka ci gugguru. A farkon kaka ake duba lissafin. In ka tsaya a inda kake, baɗi zan sake ɗaukarka. In ka taka ƙanƙarar nan gobe kuwa, ba ni da wurin da zan sa ka."

Darcy ya tsani ƙaryar ciwo, amma ya amsa. Matarsa Marnie ta samu aikin jinya a garin, 'yarsu ta shiga makaranta har ta yi ƙawaye. Gari biyar suka zauna cikin shekara shida, kuma sai a nan Marnie ta taɓa sayen labule. Da ya gaya mata, sai ta ƙara masa dankali a faranti.

Lahadi da azahar yana zaune kusa da ita cikin 'yan kallo, kwat ɗin ya matse masa kafaɗu. Da safe babbar ƙungiyar da suke ƙarƙashinta ta ɗauke musu ɗan baya ɗaya. Ana cikin ɗumama jiki kuma faifai ya sami wani a idon sawu, aka fita da shi a rirriƙe. 'Yan baya shida ake so, ga shi saura huɗu, biyu daga ciki yara ne da suka baro jami'a makon jiya.

Darcy ya ga Koci ya ƙirga su da ido, ya sake ƙirgawa, sannan ya kafa wa ƙasa ido. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai wajen 'yan kallo ba. Wannan ƙin kallon shi ya fi yi wa Darcy ciwo. Wasan ba ya ƙara wa kowa komai, ya sani. Amma ya san yadda minti talatin a kan ƙanƙara yake yi wa ƙafar yaro, kuma gajiyayyen yaro shi ake haɗawa da katanga a karya. Kunya ta rufe shi, ga tsoro, don ya san abin da zai rasa.

Ya juya wajen Marnie.

"Kar ka kalle ni," ta ce. "In ka zauna ma, wa zai iya da kai a gida har bazara? Tashi ka ba ni wuri."

Ita da kanta ta karɓi kwat ɗin.

A ɗakin sa kaya ya tarar da tsoho Lorne, mai kula da kayan wasa. Rigarsa na rataye a wurinta, takalman ƙanƙararsa a ƙasa. Ya shafa ƙarfen da ke ƙasan takalmin da babban yatsa, ya ji kaifi sabo fil.

"Yaushe ka gyara su, tsoho?"

"Tun da safe. Kai ne za ka ci gugguru? Da waɗanne haƙoran, bayan faifai ya zubar da su?"

Koci ya leƙo, ya daɗe yana kallonsa. "Sakarai," ya ce a hankali, ya rubuta sunansa a takardar 'yan wasa.

An ci su biyar da biyu. Darcy bai zura ba, bai yi wata bajinta ba, sai dai yaran nan biyu da ƙafafunsu suka fita. Cikin mutum dubu da 'yan kai da suka zo kallo ba wanda ya san abin da ya faru.

Al'adarsu ce in yaro ya zura faifansa na farko a ɗauko masa shi, a naɗe gefensa da farin salatif, a rubuta ranar. Bayan wasa Lorne ya miƙa wa Darcy irinsa. Babu rana a jiki, 260 kawai aka rubuta.

Bayan mako biyu ya shigo gida ya sami Marnie tsaye a kan kujera tana sauke labule. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri.

"Riƙe mini kujerar nan kawai," ta ce. "Kuma duk garin da za ka nemo mana, ka tambayi faɗin tagoginsu."