Kwaɗon Saman Bene

Shekara ashirin da biyu Hajiya Sadiyya tana shanya kuɓewa da nama a saman benensu na unguwar Bagdadiyya, tun mijinta na raye. Iyayenta daga Sudan suka zo, kuma miyar da ta tashi da ita ba ta yi mata daɗi sai da kuɓewar da ta busar da hannunta. Wata Asabar ta hau da tirenta ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofar. An manna takarda da sa hannun Fawaz, shugaban jam'iyyar masu gidajen benen, cewa an hana kowa hawa.

Sau biyu tana aika masa, amsar ba ta sauya ba, wai shawarar jam'iyya ce, halas, magana ta ƙare. Ɗanta Mus'ab ya fusata, ya ce gobe zai shigar da ƙara, tunda takardar gidansu ta nuna saman na kowa ne. Ta hana shi. Ta ce mutumin da take gaisawa da shi a matakala safe da yamma, wanda ta je sunansa, ba za ta tsaya da shi gaban alƙali ba.

Sai ta sauka wajen Malam Abduljalil, tsohon direban bas da ke hawa na biyu, ta faɗa masa abin da take so: ita ta zaɓi mutum ɗaya, jam'iyya ta zaɓi ɗaya, su biyun su kawo na uku wanda ba ɗan benen ba ne, a saurari kowa. Fawaz ya ƙi da farko, yana cewa ba a taɓa yin haka ba. Malam ya yi ta bin sa bayan kowace sallah har kwana tara, sannan ya yarda.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a ƙasan bene. Hajiya ta zaɓi Malam, jam'iyya ta zaɓi Nuf, malamar makaranta da ke hawan ƙarshe. Na ukun shi ne Alkasim, mai walda ɗan Nijar da ke da shago a unguwar Ammariyya. Hajiya ta yi bayaninta a nutse. Da aka zo kan Fawaz, sai a lokacin ya faɗi dalili: hankaki na bin naman, suna ɓata murfin tankunan ruwa, har mutum biyu sun kawo masa kuka.

"To, ɗana, me ya hana ka faɗa mini?" in ji Hajiya.

Ya sunkuyar da kai, ya ce nauyinta ya ji, takarda ta fi masa sauƙi.

Alkasim ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya gani da idonsa. Aka buɗe kwaɗon, duka suka hau. Ya zaga tankunan, ya ɗaga murfi guda ya nuna musu ya tsage tun tuni, ko babu nama datti zai shiga. Sannan ya auna wata kusurwa nesa da su, ya ce zai ƙera akwatin raga mai ƙofa, iska ta ratsa, tsuntsu kuwa ba zai samu hanya ba. Nuf ta ce in haka ne ita ma a ba ta gefe, ta daɗe tana son shanya barkono.

Kafin magariba aka rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu. Fawaz da kansa ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu. Ta karɓa, ta sa masa albarka, Mus'ab na gefe ya kasa ɓoye murmushi.

A taron jam'iyya na watan, Malam Abduljalil ya nemi a mayar da wannan zama ƙa'ida, duk wanda ya saɓa da jam'iyya a fara da mutum uku. Babu hannun da bai tashi ba. Sati biyu bayan haka Raed na hawa na huɗu ya buga wa Hajiya ƙofa, jam'iyya ta umarce shi ya cire na'urar sanyinsa don tana ɗiga a kan hanyar shiga, kuma ita ya zaɓa ta shiga cikin mutum ukun.

"Yalla, shigo," ta ce. "Zauna ka faɗa mini tun daga farko."