Kantar da Inna Mero Ta Roƙa

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna Mero, 'yarta Zulaiha, wadda ke aikin jinya a Birnin Kudu, ta ɗauko ta daga Gwaram ta dawo da ita wurinta. Aka taho da adaka biyu maƙare da zannuwa. Tsohuwar ba ta taɓa kukan ciwo ba. Abin da ke ci mata rai shi ne kullum sai ta jira a buɗe mata adaka a zaɓo mata abin ɗaurawa.

Sai Zulaiha ta kwashe buhunan gero daga siton da ke manne da ɗakin Inna, ta kira Malam Maikano kafinta. Ta ce a faɗaɗa ƙofa yadda keken guragun Inna zai shiga har ya juya, kantoci kuma duk a yi su a dama, tunda hannun hagu ba ya aiki.

Maikano ya tura keken zuwa tsakiyar siton. "Inna, miƙa hannunki iya inda zai kai." Ta miƙa. Ya ja layi da fensir a bango.

"Malam," in ji Inna, "ka ware min ƙaramar kanta bakin ƙofa. Ta likkafanina ce."

Zulaiha ta juyo ta dube ta. Ta san farin yadin, tun aikin hajjin mahaifinta aka wanko shi da zamzam.

"Haba Inna! A bar shi ƙasan adaka mana."

"Ranar da babanku ya rasu, sai da aka zazzage gida kaf ana neman nasa, mutane na tsaye a waje. Ba za a yi min haka ba."

Maikano ya sunkuyar da kai yana jira. Zulaiha ta sha naɗe gawa a wurin aiki, amma yau da ƙyar ta ce, "Auna, Malam."

Kwana tara aka gama. Zulaiha da kanta ta ninke yadin ta ɗora a kantar.

"Zauna," in ji Inna. "Akwai waɗanda nake so su yi min wanka."

Zulaiha ta zauna a ƙasa, cikin ƙanshin sabon katako. Inna ta fara da Ummussalma, maƙwabciyarta ta Gwaram, tana faɗin sunayen a hankali har aka kira la'asar.