Mangwaron Ƙuryar Fili

Ni da Saleh fili guda muka saya a Yelwa, tun muna dillancin shanu tare a kasuwar Garwa. Da aka tashi raba shi, muka yi alkawari gaban liman cewa katanga za ta ratsa tsakiyar rijiya don kowa ya ja ruwa, kuma ta tafi daidai da titi, kada ta kusance shi, kada ta nisance shi. Abin da ba a faɗa ba shi ne mangwaron da ke ƙuryar filin. Ina son sa, Saleh kuma ya san ina so.

Na kira 'yata Fauziya, mai koyar da lissafi a lise, wato sakandare. Saleh ya yarda da ita, wai ita kaɗai ce a gidana ba ta taɓa sayar masa da saniya mai tari ba.

Ta auna titi, ta auna rijiya, ta zauna bisa turmi tana rubutu. Ta ce titi y = 2x + 1 ne. Katanga dole ta ɗauki wannan biyun, don shi ne karkatar titi. Lambar ƙarshe ce kawai za ta canza, ita kuwa rijiya ce ke yanke ta. Ta fito bakwai. Na tambaya ina mangwaro ya faɗa, ta nuna wajen Saleh da biro.

Na ce albarka.

Na ja ta gefe yadda ake jan mai saye, na ce ta rage biyun nan, ko zuwa ɗaya da rabi, babu mai gani. Ta ce in ta rage, katangar za ta je ta yi karo da titi a ƙofar Hadje mai ƙosai. Na ce to a taɓa bakwai ɗin. Ta ce sai dai in ɗauke rijiyar in kai ta gaba.

"Baba, layi ɗaya ne tak ke bi ta nan bai haɗu da titi ba. Ba shi da ƙane."

Saleh na kan tabarma yana ƙyaƙyata dariya, wai duk shekarun nan yana neman wanda ya fi ni taurin ciniki, ashe ni na haife ta.

Aka ja igiya, aka yi gini. Gindin mangwaro na Saleh ne, shi ke ba shi ruwa. Sai dai manyan rassan sun haye katanga sun leƙo tsakar gidana. Bana da ya nuna, Saleh ya aiko wai in mayar masa da duk abin da ya faɗo. Na ce a gaya masa lissafin Fauziya a ƙasa aka yi shi, ban ga ta auna sama ba.