Sikelin Kawu

Auta ta ɗora jakar a kan sikelin filin jirgi da hannu ɗaya, har da 'yar yanga, don ta san abin da zai nuna. Jiya da yamma ta auna ta a wurin Kawu, kilo bakwai saura kaɗan, kuma kilo bakwai ne ƙa'idar kamfanin jirgin ga jakar da fasinja zai shiga da ita a hannu. Jajayen lambobin suka ɗan yi rawa, suka tsaya a kan tara da rabi.

Ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta dubi lambobin, ta dubi Auta, ta ce jakar ta wuce ƙa'ida, sai dai ta bi manyan akwatuna zuwa cikin jirgi ta ƙasa. Auta ta ce ai sikelin ne ya samu matsala. Matar ba ta yi musu ba, da gani ta sha jin wannan magana tun safe har ta ishe ta. Ta nuna mata sikelin teburin da ke kusa. Can ma tara da rabi, ko ɗigo bai ragu ba.

Nan gaban Auta ya faɗi, domin abin da ke cikin jakar ba duka ne nata ba. Kyamarar tata ce, da ƙaramin madubin da ake ɗaura mata a baki da kwamfuta, amma dogon madubin nan mai jawo nesa kusa na ubangidanta ne, mai shagon hoton da take aiki. A shago Taɓarya suke kiransa saboda tsayi da nauyi, kuma ba a taɓa barin kowa ya fita da ita ba. Shekara da shekaru Auta tana riƙe fitila a wurin biki, tana ɗaukar hoton fasfo, tana goge hancin yaran da aka kawo ɗauka. Sai ga wata jarida ta ba ubangidan aikin gasar guje-guje da tsalle-tsalle a wani gari mai nisa, shi kuma ciwon baya ya kwantar da shi. Ya duba duk ma'aikatansa, ya zaɓe ta. Da zai miƙa mata Taɓarya sai da ya ba ta labarin ta farko, wadda ya taɓa bari aka sa a ƙasan jirgi, ta iso tana ƙara kamar gwangwanin tsakuwa.

“Ko ki shiga da ita a hannunki, ko ki dawo min da ita shago ki fasa tafiyar,” in ji shi. “Babu na uku.”

In babu Taɓarya kuwa, masu gudu za su fito a hoto kamar tururuwa, babu jaridar da za ta karɓa.

Auta ta ja gefe ta buɗe jakar. Ta kwashe caja da wayoyi ta cusa a babban akwatinta, ta rataya kyamarar a wuya bayan ma'aikaciyar ta ce wannan ba laifi. Batura dai an hana sa su a ƙasa, kwamfutar ma ba ta yarda ta rabu da ita ba, da ita za ta tura hotuna daga filin wasa. Ta sake ɗorawa. Takwas da rabi. Ta roƙa, ta yi bayani, ta buɗe ta nuna Taɓarya a kwance cikin soso. Matar ta ce wallahi ta tausaya mata, amma ita ma akwai mai duba aikinta, kuma an kusa rufe tebur, ta yi shawara da wuri.

Sai a lokacin Auta ta waiwaya ta nemi Kawu. Ƙanen mahaifiyarta ne, shi ya kawo ta a tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa. Mutumin da tun daga gida bakinsa bai huta ba, yana koya mata yadda ake zama a jirgi alhali bai taɓa shiga ba, yanzu ya yi tsit, ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗakin kamar shi aka ba kwangilar gyara shi.

“Kawu,” ta ce a hankali, “sikelinka.”

Ya sosa ƙeya. Ya gyara hula. Ya matso kusa da kunnenta don kada na bayansu su ji.

“Ai na ƙarfe ne, 'yar nan. Ƙarfe yana zuwa da tsatsa da ƙasa, wani ma da ruwa a cikinsa, dole a ɗan rage masa wani abu. Da kika zo jiya wallahi shaf na manta.”

“Jakata da tsatsa ta zo, Kawu?”

Ya sunkuyar da kai. Haushi ya cika Auta, hawaye suka taru mata. Da ba kawunta ba ne da ta faɗa masa magana a gaban jama'a. Ta tuna yadda ya karanta mata sikelin da babbar murya jiya, yana cewa ma'auninsa ba ya ƙarya, duk unguwa shaida ne. Ta ciro waya don ta kira ubangidanta ta ce ga ta nan dawowa, ta kalli sunansa, ta kasa dannawa.

Kawu kuwa ya durƙusa a gaban jakar. Kunya ta rufe shi, amma hannunsa bai san kunya ba. Ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ja ƙarfen ja ya mayar, ya juya tayoyin, ya lalubi gindinta. Ya ce ta ɗan fitar da kayan. Da ta fitar, ya ɗaga jakar wayam da yatsu biyu yana jinjinawa, ya yi tsaki.

“Kayanki ba su da laifi. Jakar ce ta ƙoshi da ƙarfe. Ki ba ni ita in rage mata.”

Auta ta dubi jakar. Sabuwa ce fil, yayyenta mata suka haɗu suka sayo mata da suka ji an ba ta aikin. Baƙa mai sheƙi, tayoyinta ba sa ko ƙara. Kwana biyun nan ta ja ta a tsakar gida ba adadi, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki, Inna tana ce mata ta bari kada ta ƙarar da tayar kafin ranar tafiya. Ta riga ta hango kanta tana sauka daga jirgi tana jan ta kamar manyan 'yan jarida. Ranta ya yi mata zafi ƙwarai. Ta juya wurin ma'aikaciyar ta roƙe ta ta karɓi babban akwatin, ta ɗan jira ta, yanzu za ta dawo. Matar ta ce ta yi sauri, ita dai ba ta yi alkawari ba.

“Mu je, Kawu. Kwance ta.”

Da gudu suka fita wurin ajiye motoci, shi rungume da jaka, ita rungume da Taɓarya. Ta shimfiɗa mayafinta a kujerar gaba ta jera kayan a kai. Kawu ya sauke ƙofar bayan motar, ya jawo buhun kayan aikinsa, ya kifa jakar. A nan fa babu mai koya masa. Ya zuge zif ɗin shafin ciki, ya kwance sukurori, ya zaro sandunan ja guda biyu da mariƙinsu gaba ɗaya. Tayoyin ba da sukuru aka ɗaura su ba, dasa su aka yi, sai da ya sa guduma da cizal. Kowane bugu Auta sai ta runtse ido. Wani mai gadi ya taho da saurinsa jin ƙarar guduma, ya tsaya ya ga abin da ake yi, ya ji bayani, ƙarshe shi ya danne wa Kawu jakar da gwiwa.

Bayan tayoyi sai farantin gindi, sai wata siririyar waya mai ƙarfi da ta zagaye bakin jakar, sai ƙafafun roba, sai tambarin kamfani na ƙarfe da ke gaba. Auta ta ce ko wannan ɗin ba zai bar mata ba? Ya ce ko ƙusa ɗaya tana da nauyi, ai sana'arsa ce. Gumi ya jiƙa masa riga, ya yanke a yatsa bai ma kula ba. Ramukan da tayoyi suka bari ya toshe su da kwali ya naɗe da baƙin salatif. Ya kwance igiyar wata tsohuwar jakarsa ya ɗaura mata ta ratayawa.

Abin da ya rage ba shi da kyan gani ko kaɗan. Jakar ta saɓule, ta yi laƙwas kamar matashin da ya sha kwanciya. Amma soson ciki yana nan lafiya. Auta ta naɗe Taɓarya da rigar sanyinta, ta kwantar da ita a tsakiya, ta jera sauran a gefe, ta zuge, ta saɓa a kafaɗa. Suka sake kwasa da gudu.

Sun tarar layin ya ƙare, ma'aikaciyar tana tattara takardunta. Ta ga abin da Auta ta ɗora a sikeli, ta leƙo sosai, ta tambaya ko jakar ɗazu ce. Auta ta ce ita ce, rashin lafiya ta yi. Lambobin suka yi rawa. Auta ta zuba musu ido. Suka tsaya a kan bakwai saura kaɗan.

Matar ta kwashe da dariya har da dafe tebur, ta ce tun da ta fara aikin nan ta ga masu saka riga biyar, ta ga masu cika aljihu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa jaka fiɗa ba. Ta ɗaura mata alamar jakar hannu da kanta, ta miƙa mata katin shiga. Daɗi ya kama Auta.

Kawu ya leƙa sikelin, ya miƙe, ya buɗe ƙirji.

“Ba ga shi ba. Abin da nawa ya faɗa tun jiya ke nan.”

Ta so ta harare shi, dariya ta ƙwace mata. Ta ce in ta dawo za su yi maganar sikelin nan a gaban Inna, ya ce a rufa masa asiri, yayarsa ba ta da sauƙi. Ya yi mata addu'a, ya ce ta riƙe amanar mutane, ya tsaya a bakin shinge yana ɗaga mata hannun da ya naɗe da salatif har ta shige.

Ciki kuwa ta ji a jikinta. Kowa yana jan jakarsa a sanyaye, ita tana fama da kilo bakwai a kafaɗa ɗaya da kyamara a wuya, igiyar tana cin fata. A wurin bincike suka sa ta buɗe, suka jujjuya Taɓarya, suka kalli salatif ɗin, suka kalle ta. Wata mata mai jaka ja mai ƙyalli ta ɗan matsa gefe da ta zauna kusa da ita. Auta ta ji kunya, ba ta ce ba ta ji ba. Ta ɗora jakar a cinya ta rungume abinta.

Bas ta kwashe su zuwa bakin jirgi. Ƙaramin jirgi ne, mai farfela biyu. A gindin matakala wani ma'aikaci mai riga mai ɗaukar ido ya tsaya kusa da amalanke, yana faɗa da ƙarfi saboda ƙarar inji cewa ma'ajiyar sama ba ta ɗaukar jaka mai taya, duk mai irinta ya ajiye a nan, za a sa a ƙasa, ya karɓa in an sauka. Mutane suka hau gardama. Wani ya ce magungunansa na ciki, aka ce ya cire ya riƙe. Wani ya nuna alamar jakar hannu, aka ce an gani, ya ajiye. Ɗaya bayan ɗaya ana karɓa ana jibgawa a amalanke.

Auta ta ƙanƙame igiyar jakarta. Bayan duk wannan wahala, a nan za a raba ta da ita? Ta yanke a ranta cewa in ya miƙo hannu, za ta juya ta koma bas ɗin, kowa ya ce abin da zai ce. Layi ya iso kanta. Mutumin ya dubi abin da ke kafaɗarta, ya zagayo ya duba gindinsa, ya latsa gefe da yatsa ya ga ya lotsa.

“Ba taya? Wuce, ki tura ƙarƙashin kujera.”

Ba ta san lokacin da ta haye matakalar ba. Kujerarta ta bakin taga ce. Ta sunkuya ta tura jakar ƙarƙashin kujerar gabanta, ta shige daidai, da sandunan nan suna jiki da ko rabi ba za ta shiga ba. Ta taga tana ganin ana wurga jakunkunan cikin jirgi, wata a kan wata, har wata ta zame ta faɗi ƙasa aka ɗauka aka sake wurgawa. Ta sa ƙafafunta biyu ta tokare tata hagu da dama. Murna ta cika mata ciki, ta rasa wanda za ta faɗa wa, sai murmushi take yi ita kaɗai.

Kafin a ce a kashe waya ta kira ubangidanta. Bugu ɗaya ya ɗauka, ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba.

“Tana ina?”

“Tana tsakanin ƙafafuna, Yallaɓai. Muna cikin jirgi.”

Ta ji ya sauke dogon numfashi, gadon da yake kwance ya yi ƙara.

“To. Hoton wanda ya zo na ɗaya nake so, daidai kan layi, idonsa a buɗe.”

“Za ka samu,” in ji Auta. Ta kashe wayar, ta ja bel ta ɗaure.